Wane ƙwan fitila ya fi dacewa da gida: mai waya, fuloresan ko LED?

Maman Safiyya:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar lantarki. Muna shirin sauya ƙwayayen fitilar gidanmu, domin abin da ke cikin ɗakunan a yanzu haɗe-haɗe ne: akwai tsoffin ƙwayaye masu siririyar waya a ciki, irin waɗanda suke yin zafi har ba a iya taɓa su, akwai masu murɗaɗɗen gilashi da aka rubuta CFL a gindinsu, sannan akwai dogon fuloresan a kicin wanda sai ya yi ta ƙyafta-ƙyafta kafin ya kama. Duk wanda na tambaya sai ya ce in sayi LED, amma har yanzu babu wanda ya zauna ya yi mini bayanin dalili.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne rubutun da ke jikin kwali. Ta yaya ƙwai mai wat 9 zai yi daidai da mai wat 60? Sannan LED ɗin da muka gwada a ɗakin yara haskensa fari ne fat, har yana ɗan yin shuɗi-shuɗi, kuma 'yata tana kukan idanunta suna gajiya idan ta yi karatu da dare. Wani kuma da muka saka a banɗaki, cikin rufaffen murfin gilashi, bai daɗe ba ya mutu, alhali an rubuta a kwalinsa cewa zai yi awa 15,000. Ina kuma son sanin ko gaskiya ne masu murɗaɗɗen gilashin suna ɗauke da guba, kuma ko ya dace in cire su tun suna aiki. Na gode.

Malam Iliyasu:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Waɗanda suka ce ki sayi LED sun faɗi gaskiya, amma kin yi daidai da kika nemi dalili, domin wanda bai san dalilin ba yana iya sayen LED ɗin da ba zai gamsar da shi ba.

Wat ba ma'aunin haske ba ne, ma'aunin wutar da ƙwai yake ci ne. Mun saba kallon wat ne kawai saboda a da kusan duk ƙwayayen iri ɗaya ne, don haka wanda ya fi cin wuta shi ya fi haske. Ma'aunin haske na ainihi shi ne lumen, kuma za ki gan shi a kwali an rubuta lm. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da kusan lumen 800. CFL yana ba da wannan hasken da wat 13 zuwa 15, LED kuwa da wat 8 zuwa 10 ya wadatar. Idan hasken mai wat 40 kike so, ki nemi lumen 450 ko kusa da haka. Idan na mai wat 100 ne, ki nemi lumen 1,500 zuwa 1,600.

Bambancin ya samo asali ne daga yadda kowanne yake samar da haske. A cikin tsohon ƙwai, wanda Thomas Edison a Amurka da Joseph Swan a Ingila suka fito da shi a wajajen 1879, wuta tana bi ta cikin siririyar waya ne, wadda a yau ake yi da ƙarfen tangistin, ta zafafa ta har zafin ya haura digiri 2,000 a ma'aunin Selsiyas, sai ta yi jawur sannan ta yi haske. Wato sai an samar da zafi mai tsanani kafin a samu haske, shi ya sa kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da kike biya yake tafiya a zafi. Wannan zafin da kika ce ba a iya taɓawa, kuɗinki ne yake fita ta jikin gilashin. Wayar kuma kullum tana ƙara sirancewa har ta tsinke, galibi bayan kimanin awa 1,000.

Fuloresan, ko dogo ne ko murɗaɗɗe, yana da ɗan tururin zaiba a ciki. Idan wuta ta ratsa tururin sai ya fitar da wani haske da ido ba ya gani, sai farin garin da aka shafe cikin gilashin da shi ya mayar da wannan hasken wanda ake gani. LED kuwa ba shi da waya mai ƙonewa, ba shi da zaiba. Ɗan ƙanƙanin ɓangare ne na lantarki da yake fitar da shuɗin haske kai tsaye, a rufe shi da wani sinadari rawaya, haɗuwar biyun ta ba da farin haske. Shuɗin LED ɗin nan shi ne ya daɗe yana gagarar masana, kuma saboda shi aka ba Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar fiziks a 2014.

Ga lissafin da za ki iya yi da kanki. Ƙwai mai wat 60 idan yana kunne awa 5 kowace rana, a shekara zai ci kusan yunit 110 a mita. CFL mai wat 14 zai ci kusan yunit 26, LED mai wat 9 kuma yunit 16 da ɗoriya. Ki ninka wannan da yawan ƙwayayen gidanki, sannan ki ninka da abin da ake cajinki a kan yunit ɗaya, za ki ga cewa arhar tsohon ƙwai ta ranar saye ce kawai. Wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta janye shi daga kasuwa a hankali tsakanin 2009 da 2012, Amurka ma ta hana sayar da mafi yawansa tun daga watan Agustan 2023.

Sadiƙu mai wayarin:

Hajiya, Malam Iliyasu ya gama magana a kan wat da lumen, ni zan tsaya a kan ƙwan banɗakin nan da ya mutu, domin abu ne da muke gani kullum a wurin aiki.

Mutane suna ɗauka LED ba ya zafi saboda suna taɓa farin murfinsa su ji shi da ɗumi kawai. Ki bar shi ya yi awa ɗaya a kunne, ki kashe, sannan ki taɓa wuyansa, tsakanin murfin da ƙarfen da ke shiga holda, za ki ji inda zafin yake taruwa. A cikin wannan wuyan akwai ɗan allon lantarki da yake sauya wutar gida ya mayar da ita irin wadda LED yake buƙata, kuma a mafi yawan lokuta wannan allon ne yake mutuwa, ba fitilar kanta ba. Idan muka fasa wanda ya mutu, sau da yawa mukan tarar da wani ɗan kafasita, wato ɗan ɓangaren da yake tara wuta a jikin allon, ya kumbura, ko kuma ɗaya daga cikin ƙananan ɗigogin rawaya ya yi baƙin tabo a tsakiya, kuma da yake a jere aka haɗa su, mutuwar ɗaya takan kashe sauran. Zafi ne babban abokin gabarsa. Tsohon ƙwai bai damu da rufaffen murfi ba, amma LED idan aka kulle shi inda iska ba ta shiga, ga kuma tururin ruwan wanka, to awa 15,000 ɗin da aka rubuta ba za ta cika ba. An auna wannan adadin ne a inda iska take zagayawa. Haka kuma ba yana nufin ranar da ƙwan zai mutu ba ne; yawanci yana nufin lokacin da haskensa zai ragu zuwa kashi 70 cikin 100 na yadda ya fara.

Saboda haka, a banɗaki ki nemi ƙwan da aka rubuta a kwalinsa cewa ya dace da rufaffiyar fitila, ko ki sa mai ƙaramin wat wanda zafinsa bai kai na babba ba, ko kuma a sauya fitilar baki ɗaya da wadda aka ƙera don wurin danshi. Irin waɗannan za ki ga an rubuta IP44 ko sama da haka a jikinsu, wato lambar da take nuna yadda fitila take hana ruwa da ƙura shiga, kuma wadda ruwan sama zai riƙa duka a waje gara ta kai IP65.

Akwai wasu abubuwan da nake so ki duba kafin ki biya. Ki duba gindin ƙwan ya yi daidai da holdar gidanki, domin akwai mai murɗawa, E27 babba da E14 ƙarami, akwai kuma mai fil biyu da ake dannawa a juya, wato B22. Ki duba ƙarfin wutar da aka rubuta. Wanda aka rubuta masa faɗi, misali daga bolt 100 zuwa 240, ya fi jure hawa da saukar wuta, haskensa kuma ba ya raguwa idan wuta ta yi ƙasa. A nan ma LED mai kyau ya fi tsohon ƙwai, domin shi tsohon idan wuta ta ƙaru da kashi 5 cikin 100 kacal, rayuwarsa takan ragu da kusan rabi. Idan kuma akwai makunni mai rage haske da ƙara shi a wani ɗaki, dole ƙwan ya zama wanda aka rubuta cewa yana karɓar irin wannan makunnin, in ba haka ba zai riƙa rawa, ko ya yi ƙara, ko ya mutu da wuri.

Shawarata ta ƙarshe ita ce ki guji kwalin da bai faɗi lumen ba, sai manyan lambobin wat kawai. Kamfanin da ya yarda da kayansa yakan rubuta lumen, ya rubuta launin haske, ya kuma ba da garanti. Ki ajiye rasit.

Hajiya Binta:

'Yar'uwa, ni maganar 'yarki ce ta tsaya mini a rai, domin yaro mai karatu da dare bai kamata a bar shi da hasken da yake gajiyar da shi ba. Laifin ba na LED ba ne gaba ɗaya, na launin da aka zaɓa ne. A jikin kowane kwali akwai lamba mai harafin K a ƙarshe. Idan kika ga 2700K ko 3000K, hasken mai ɗan rawaya ne, mai taushi, irin na tsohon ƙwan da idonmu ya saba da shi. 4000K fari ne tsaka-tsaki. 6500K kuwa shi ne farin nan mai shuɗi-shuɗi da kika kwatanta, kuma ina kyautata zaton idan kika duba wuyan ƙwan ɗakin yaran, wannan lambar za ki gani. Mutane da yawa suna saye shi ne saboda a ido yana kama da ya fi haske, alhali lumen ɗinsu na iya zama ɗaya da mai rawaya.

A ganina, ɗakin kwana da falo 2700K ko 3000K ya fi dacewa da su, kicin da banɗaki kuma 4000K, inda ake son ganin abu sarai. Hasken da shuɗi ya yi yawa a cikinsa, idan aka daɗe a ƙarƙashinsa da dare, yana rage sinadarin melatonin da jiki yake fitarwa domin shirin barci, don haka ba na son ganinsa a inda yara suke kwana. Ga mai karatu kuwa, abin da ya fi amfani shi ne ƙaramar fitilar tebur da za ta haska littafin daga gefe, maimakon a dogara da ƙwai ɗaya tsirara a silin wanda yake dukan ido kai tsaye, kan yarinyar kuma yana yi wa shafin inuwa.

Akwai kuma rawar haske wadda ido ba ya kamawa sosai amma wasu mutane suna jin ta a matsayin gajiyar ido ko ciwon kai. LED maras inganci yana yin ta. Ki ɗauki wayarki ki buɗe kyamara, ki nufi ƙwan da ita daga kusa, ko ki ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya. Idan kika ga baƙaƙen layuka suna ta wucewa a fuskar wayar, to ƙwan yana rawa, kuma bai dace da wurin karatu ba.

Abu ɗaya da tsohon ƙwai ya fi sauran shi ne fitar da launin abubuwa yadda suke. Ana auna wannan da wata lamba da ake rubuta CRI ko Ra, wadda ƙarshenta 100 ne, kuma tsohon ƙwai yana kaiwa kusan 100 ɗin. Yawancin LED na gida suna wajen 80, wanda ya isa ga zaman yau da kullum, amma a gaban madubi, ko wurin ɗinki, ko duk inda ake son bambance ja da ruwan hoda ba tare da kuskure ba, ki nemi mai 90 ko fiye. Kafin ki sayi da yawa, ki sayi ɗaya ki gwada shi da dare a ɗakin da za a saka shi, domin hasken kanti ba ya nuna yadda zai kasance a bangon ɗakinki.

Baba Haruna:

'Yata, duk abin da aka faɗa miki na yarda da shi, sai dai ban goyi bayan a kwashe komai a rana ɗaya ba. Tsoffin ƙwayaye masu waya da ke wuraren da ake daɗewa da wuta a kunne, kamar falo da baranda da fitilar waje da take kwana, waɗannan ki cire su tun yau, domin kowane dare asara suke yi miki. Amma wanda yake cikin sito, ana kunna shi minti biyu a kashe, babu gaggawa a kansa. Akwai ma inda har yanzu shi ne daidai: fitilar cikin murhun gashi na lantarki ƙwai ne na musamman mai waya da aka yi don ya jure zafin kusan digiri 300, kuma LED na gida ba zai rayu a can ba. Haka masu ɗumama 'yan tsaki, zafin suke nema, LED ba zai yi musu aikin ba.

Game da CFL, gaskiya ne akwai zaiba a ciki, amma kaɗan ce ƙwarai, 'yan miligiram ne, kuma muddin gilashin bai fashe ba ba ta fitowa. Tazarar cin wuta tsakaninsa da LED ba ta kai ta tsohon ƙwai ba, saboda haka ni a ra'ayina wanda yake aiki lafiya a bar shi ya ƙarasa kwanansa, idan ya mutu a maye gurbinsa da LED. Sai dai kada ki sake sayen sabo. Yana ɗaukar lokaci kafin haskensa ya cika, yawan kunnawa da kashewa yana rage masa kwana, ba ya son sanyi, kuma duniya tana barinsa: ƙasashen da suka shiga Yarjejeniyar Minamata kan zaiba sun amince a 2022 cewa a daina ƙera irin CFL na gida zuwa 2025, sannan a 2023 suka sanya wa dogayen fuloresan wa'adin 2027. Wanda yake inda yara za su iya buge shi da ƙwallo, ko a fitilar tebur da za ta iya faɗuwa, shi kam ki cire shi ki mayar da shi wuri mai tsayi.

Idan ya fashe, a fitar da yara, a buɗe taga, a bar ɗakin na minti 10 ko fiye. Kada a yi amfani da injin zuƙe ƙura, domin zai watsa tururin zaibar cikin iska. A kwashe gilashin da kwali mai kauri, a bi ƙananan ɓarɓashin da salatif, a goge wurin da jiƙaƙƙiyar takarda, a zuba duka a kwalba mai murfi a fitar da ita waje, sannan a wanke hannu. Wanda ya mutu bai fashe ba kuma a naɗe shi a ajiye, a kai shi inda ake karɓar sharar kayan lantarki idan akwai, kada a jefa shi cikin sharar da za a ƙona.

Maman Safiyya:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Hajiya Binta, na duba ƙwan ɗakin yaran, 6500K ne kamar yadda kika ce, kuma zan mayar da shi baranda in sa mai 3000K a madadinsa. Baba, zan bi shawararka a kan CFL ɗin. Malam Sadiƙu, saura tambaya biyu. Dogon fuloresan ɗin kicin, zan iya zare shi kawai in saka dogon LED a gidansa? Sannan na lura wani LED da ke zauren shiga ɗakuna yana ɗan yin haske dishi-dishi da dare ko da an kashe makunni, shin akwai haɗari a ciki?

Sadiƙu mai wayarin:

Amin, Hajiya. Sai dai game da barandar, ki sani ƙwari sun fi taruwa a farin haske mai shuɗi fiye da mai rawaya, don haka idan wurin zama ne da yamma, gara ki kai wannan ƙwan sito ko gareji.

Dogon fuloresan ya danganta da irin gidansa. Tunda kin ce yana ƙyaftawa kafin ya kama, alama ce ta tsohon tsari mai cok da sitata. Cok shi ne ɗan akwatin da ke cikin gidan fitilar wanda yake daidaita wutar da take shiga ƙwan. Sitata ita ce 'yar ƙaramar gwangwanin nan da take leƙowa a gefen fitilar, wadda ake murɗawa a zare. Akwai dogon LED da aka yi musamman don irin wannan gidan, yana zuwa da tasa sitatar a cikin kwali. A kashe wuta, a cire tsohon ƙwan da tsohuwar sitatar, a saka sababbin, shi ke nan. Akwai kuma wanda sai an cire cok ɗin an haɗa waya kai tsaye, wannan aikin mai gyaran wuta ne, kuma bayan an yi shi a manna takarda a jikin fitilar cewa an sauya wayarin, don kada wani ya zo daga baya ya mayar da fuloresan a ciki. Ki auna tsawon ƙwan kafin ki je saye, domin akwai mai santimita 60, akwai mai 120, akwai mai 150. Idan gidan fitilar ya tsufa, bakin da yake riƙe ƙwan ya yi rawaya ko ya fara farfashewa, ni na fi son a cire shi gaba ɗaya a saka sabuwar doguwar fitilar LED mai haɗe da gidanta.

Hasken dishi-dishin nan kuwa yana faruwa ne saboda LED ba ya buƙatar wuta mai yawa kafin ya ɗan haska, ɗan abin da yake tsiyaya a waya ma ya ishe shi. Idan makunnin yana da 'yar fitilar da take nuna inda yake a cikin duhu, to ta nan wutar take bi, kuma wannan ba haɗari ba ne. Sauya makunnin ko sauya ƙwan da wani iri yakan magance shi. Haka yakan faru a inda makunni biyu suke sarrafa fitila ɗaya, saboda dogayen wayoyin da suke tafiya tare. Amma idan makunnin na yau da kullum ne, ki sa mai gyara ya duba da tasta ko an ɗora shi a kan wayar da ba ta ɗauke da wuta ne maimakon mai ɗauke da ita. Idan haka aka yi, holdar tana nan da wuta ko an kashe makunni, kuma mai sauya ƙwai yana iya samun shokin. Kafin a duba, duk wanda zai taɓa wannan fitilar ya fara kashe wutar daga babban akwatin gidan.